Ranar da Na Fasa Gidan Dalar Maƙwabciyata

A layinmu na Tandabawi, duk matar da za ta sayar da ɗankunne ko ta sayi warwaro sai ta biyo ta ɗakina tukuna. Ba ni na naɗa kaina ba, amma ban taɓa hana a yabe ni ba. Mahaifina ya shigo Makka ta Cadi da Sudan yana saurayi, kuma da kunnensa ya ci abinci. A miƙa masa riyal faransi, tsohon kuɗin azurfan nan mai hoton mace mai kumatu, ya cilla shi kan dutse, ya saurari ƙararsa, ya faɗa maka ko an cuɗa shi da dalma. Da ya rasu 'yan'uwana maza suka ɗauki shago, ni kuma na ɗauki baƙin dutsen gwajinsa da bugun ƙirjinsa. Ba na gajiya da cewa ni 'yar na-gada ce, ba 'yar na-koya ba.

Maƙwabciyata ta ɗakin ƙasa Bakatsiniya ce, ta zo aikin Hajji tun tana da sauran ƙuruciya ba ta koma ba. Ba ta da igama, wato takardar zama, don haka duniyarta ba ta wuce layinmu da gidajen alhazai na Jarwal ba, inda take wanki da girki idan baƙi sun sauka. Mahaifiyarta tana can gida, yanar ido ta rufe mata duka biyun. Likita ya ce aikin ba wuya, kuɗi kawai yake so. Kusan kullum sai maganar idon Inna ta shigo hirarmu.

Wata shekara, bayan alhazai sun watse, ta hawo sama bayan la'asar da wani abu a naɗe cikin tawul. Wata tsohuwar hajiya da ta zo daga Amurka tare da 'yarta ce ta ba ta. Ƙafar tsohuwar ta kumbura, maƙwabciyata ce ta yi mako biyu tana yi mata wanka da ba ta abinci a baki. Da za su tafi ta danƙa mata wannan, ta ce na marigayi mijinta ne, mutum ne mai tara irinsu.

Dala ɗaya ce ta Amurka, ta azurfa, ta cika tafin hannun yaro. A gefe ɗaya wata mace tana tafiya ta miƙa hannu, rana tana ɓullowa a ƙasa. A ɗaya gefen mikiya. An rufe ta cikin wani gida na roba mai haske kamar gilashi, ba ƙofa ba taga, a sama an saka 'yar takarda da rubutun Turanci da lamba saba'in.

"Yaya, ki duba mini," in ji ta. "Ko zai yi wa Inna wani abu? Amma 'yar hajiyar ta ce kada a buɗe. Sau uku ta faɗa, har da yarfa hannu."

Wannan "kada a buɗe" shi ya taɓa ni. Na ce, "Ke dai ba ki san duniya ba. Abin da aka ce kada a buɗe, akwai abin da ake ɓoyewa. Yaushe aka fara cinikin biri a sama? Azurfa magana take yi, kuma ba ta magana a cikin roba."

"To ko a bari a kai suk a haka?"

"A kai kasuwa a yi mana dariya? Halas, magana ta ƙare, miƙo mini taɓaryar can."

Da taɓaryar tagulla da nake dakan citta na bi gefen robar. Gaskiya wanda ya yi gidan nan ya san aikinsa, sai da na yi gumi kafin ya tsage. Na zaro dalar da yatsuna, na cilla ta kan dakalin marmara na ƙofar ɗaki. Ta yi wata ƙara siririya mai tsawo, har yanzu ina jin ta. Na rufe ido kamar yadda Baba yake yi, na sake cillawa, ba don ban ji ba, don dai maƙwabciyata ta ga yadda ake yi. Na goga bakinta a dutsen gwaji, na ce, "Azurfa ce tsantsa." Ta ɗaga hannu tana hamdala, ni kuma na gyara zama.

Da ma na tsaya nan. Sai na hango wani ɗan launi kamar ruwan zuma ya zagaye gefenta, na ce datti ne, ba a kai kaya kasuwa da dauɗa. Na jiƙa tsamiya, na kwaso toka daga kaskon turare, na dirje ta da tsumma gaba da baya har tana ɗaukar ido. Na ƙulle ta a gefen mayafina tare da 'yar takardar nan, don na ɗauka rasit ce.

Washegari da hantsi na tafi unguwar Zahir ni kaɗai, tunda ita ba ta yin nisa da gida. Akwai wani dattijo ɗan ƙasa a can mai ɗan shago, yana sayen tsoffin kuɗi da kan sarki. Takardar ya fara gani, ya miƙe tsaye. Ya sa farar safar hannu, ya ɗauko madubin da ake maƙalawa a ido, ya ce, "Ina take?" Na kwance ƙullin na ajiye masa a kan gilashi, ƙwal.

Ya daɗe yana dubawa. Da ya ɗago, fuskarsa kamar wanda aka yi wa rasuwa.

"Ya Hajja, wa ya yi wannan aika-aikar?"

Na ce, "Wata ce a unguwarmu." Ban yi ƙarya ba.

Ya zaunar da ni, ya yi mini bayani a hankali. Irin wannan dala, in ji shi, an buga ta da yawa, azurfar jikinta ba wani abin kirki ba ce. Abin da masu tarawa suke biya shi ne rashin tabo. Akwai masana da suke duba kowace ɗaya a ƙarƙashin madubi, su ba ta maki, kuma saba'in shi ne ƙarshe, wato ko ƙwarzanen gashi babu. A dalolin shekarar da aka buga wannan, kaɗan ne ƙwarai suka kai nan. Sai su rufe ta a gidan roba, gidan shi ne shaida. Launin zumar ma da na kankare, wasu ƙarin kuɗi suke biya a kansa. Ya miƙo mini madubin. Fuskar matar nan duk zane-zane, kamar gindin tukunyar da aka wanke da yashi, ga lotsawa biyu a baki, ɗaya na cillawar farko, ɗaya na burga.

Na tambaye shi nawa za ta yi da tana gidanta. Abin da ya faɗa ya isa a buɗe wa Inna ido biyu har a saya mata tabarau. Na tambayi na yanzu. Ya ɗora ta a sikeli, ya ƙirgo mini kuɗin nauyin azurfar kawai.

"Haram alaiha," ya ce, wato ta ɗauki alhaki, yana girgiza kai. "Ki gaya wa matar nan ta daina taɓa kayan mutane."

Na ce in sha Allahu zan gaya mata.

Na fito na tsaya a inuwar wani kanti. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma ba kunyar dattijon ba ce. Wahalar maƙwabciyata ta mako biyu a kan baƙuwa na dirje da toka. Abin da ya kamata shi ne in koma in faɗi gaskiya, na sani sarai. A maimakon haka na shiga layin masu zinari, na tuɓe siririn warwaron da ke hannuna, wanda shi kaɗai ya rage mini na aure, na sayar. Na haɗa da kuɗin azurfar na kai mata, na ce abin da dalar ta yi ke nan. Na riƙa jan hannun abayata ina rufe wuyan hannu.

Ta rungume ni tana kuka. Kuɗin ya isa ido ɗaya.

Kafin mako ya zagayo labari ya cika layi, wai da ba don na fasa robar na wanke dalar ba, da Larabawa sun saye ta a banza. Mata suka ƙaru a ƙofata. Ni da nake shan yabo kamar kunun tsamiya, sai ga shi yana tsaya mini a wuya.

Bayan wata biyu, ranar wata Juma'a, muna zaune mu shida a ɗakina ana shan shayi, maƙwabciyata ta shigo da waya a hannu, ta ce a yi shiru, Inna ta aiko saƙon murya. Muryar tsohuwa ta fito tana rawa. Ta ce an cire bandeji, ta ga hoton 'yarta a waya, ashe har ta yi furfura. Ta ce a gaishe mata da baiwar Allahn nan ta sama mai sanin azurfa, Allah ya ƙara mata basira, ya sa 'ya'yanta su gaje ta. Ɗayan idon kuma, in ji ta, ba komai, zai jira har Allah ya sake kawo wata baƙuwar.

Kowa ya shafa, ni ma na shafa. Wata baƙuwar ba ta zo ba har Inna ta rasu, kuma har yau ban gaya wa 'yarta ba.