Waken da Baba Direba Ya Dafa

A benen da nake haya, Baba Direba ne a ɗakin da ke saman nawa. Ni tela ce, wuni nake a kan keke, don haka duk motsin da aka yi a sama a kaina yake. Na san takunsa: ƙafar dama da nauyi, ta hagu kuma jan ta yake yi. Ya ce kulocin mota ne ya bar masa wannan tsarabar. Bas ɗin haya ya tuƙa tun yana saurayi har idonsa ya fara gaza karanta allon hanya, kamfani ya ba shi agogon bango da takardar yabo, ya dawo gida.

Matarsa kuwa Mama Ludayi kowa yake ce mata. A kicin ɗin makarantar firamare ta yi aiki, yara suka sa mata sunan don da ludayi take nuna wanda ya tsallake layi, sunan ya biyo ta har unguwa. Mace ce mai murya, in ta yi gaisuwa a sama a ƙasa ake amsawa. Duk tsawon zamansu mijin bai taɓa sanin inda gishiri yake a gidansa ba. In an tsokane shi sai ya ce ai kowa da sitiyarinsa.

Sun fara hutawa ke nan ciwo ya same ta. A wurin wanke-wanke ta faɗi, da soso a hannu. Da aka dawo da ita daga asibiti ɓarin dama ya shanye, bakin ya ɗan karkace, maganar ta koma ɗaya-ɗaya kamar ana ɗigo ta. 'Ya'yansu biyu ne. Autan yana aiki a wata ƙasa, sai dai waya. Babbar, wadda muke kira Malama saboda koyarwa take yi, tana aure a can ɗaya gefen gari, da yara da miji da aiki. Sai jinyar ta faɗo kan tsohon. Shi ne wanka, shi ne juyi, shi ne cicciɓar ta zuwa banɗaki, shi ne wankin zanin gado. Girki ma da furfurarsa ya koya. Farkon watanni ƙauri ne yake sanar da mu cewa an ɗora tukunya a sama.

Dama ƙasar da muke zaune ta sanyi ce, har ƙanƙara ake yi, amma sanyin shekarar nan ya zo da mugunta. Gari ba ya wayewa sosai, sama ta yi toka-toka, ƙanƙara ta kama gilashin taga ta ciki. A irin wannan safiyar ne na ji ƙwanƙwasa. Na buɗe na ga Baba Direba da bokiti, ya naɗe wuyansa da mayafin matarsa, hancinsa yana ruwa. Famfon kicin ɗinsu ya daskare. Na cika masa, na ce ya bari in kai masa, ya ce a'a, 'yata, ke ma da aikinki. Na dai bi shi da wani bokitin, don na ga yadda yake hutawa a kowace matakala.

Ɗakin ya yi warin man zafi da jiƙaƙƙun kaya. Ya shanya zannuwa a kan kujeru kewaye da hita, ita kuma ƙaramar hitar sai ƙara take yi ba zafin kirki. Mama Ludayi tana kan kujera mai taya, a lulluɓe da bargo har haɓa, ta zuba wa bango ido. A kan tebur ga robobin abincin da Malama ta sayo jiya, ba wanda aka taɓa, mai ya daskare a samansu.

A bakin kicin ya rage murya ya faɗa mini abin da ke damunsa. Kwana da kwanaki ke nan ta ƙi cin abinci, sai shayi, shi ma kurɓa kaɗan. Malama kuma ta zo da magana: tana so ta ɗauke uwarta zuwa gidanta, inda ba hawa, ga ɗumi, ga masu kama ta. Sai dai ɗaki ɗaya ne ya rage a can, shi ma da ƙanwar mijinta za a raba, ba wurin namiji. Ta ce ya yi tunani, da yamma za ta dawo ta ji amsa.

Na tambaye shi me ya yanke. Ya murza idonsa da bayan hannu ya ce bai san ta inda ake fara irin wannan tunanin ba.

Muna tsaye sai muka ji ta yi sauti. Ya juya da sauri, ya sunkuya a gabanta, ta daɗe tana haɗa kalmar kafin ta fito.

"Wake," ta ce.

Ya dube ni, na dube shi. Ya ce, "Maman yara, wake za ki ci?" Ta lumshe ido alamar e.

Ashe akwai wani dafin wake da take yi musu duk ranar da sanyi ya tsananta, mai ruwa-ruwa, da dankali da karas da albasa mai yawa. Shi ci kawai ya sani, bai taɓa tsayawa ya ga yadda ake yi ba. Ya tura kujerarta zuwa ƙofar kicin, don ciki ba ya ɗaukar mutum biyu, ya sa mata cokali a hannun hagu. Da shi take ba da umarni. In ta buga hannun kujera sau ɗaya, daidai ne. In ta yi ta bugawa, ya yi ɓarna.

Na zauna in tsince masa waken, don idonsa ba ya ganin tsakuwa. Shi kuma ya kama albasa yana yanka ta manya-manya, cokali ya hau ƙara. Ya sake yanka ta ƙanana. Ya zuba mai, ta yi ta bugawa. Ya rage wuta, ta yi shiru. Da ya ɗauko tafarnuwa zai jefa da ɓawonta, sai ta yi wani gurnani har bargon ya zame. Ya ce mata, to shugaba, an ji, a yi haƙuri da yaron mota. Na ga gefen bakinta mai lafiya ya motsa.

Wake ba ya son gaggawa, musamman wanda ba a jiƙa ba. Na sauka na ƙarasa wata riga da aka ce za a zo karɓa. Ban jima ba na ji bugun cokali ta silin, ba tsayawa, sai kuma warin ƙauri. Na hau da gudu. Baba Direba yana zaune a kan bokitin da ya kife, kansa a jikin firji, bakinsa a buɗe, yana barci. Ruwan tukunya ya ƙafe. Ita kuma tana ta dukan kujera, hawaye na bin kumatunta, ba ta da muryar da za ta tashe shi.

Na kashe wuta, na taɓa kafaɗarsa. Ya zabura yana neman takalminsa. Sannan ya gane abin da ya faru. Ya tsaya yana kallon tukunyar. Ban taɓa ganin tsufansa kamar na wannan lokacin ba.

Ƙasan ne kawai ya kama. Muka kwashe na sama zuwa wata tukunya, ya ƙara ruwan zafi, ya zuba dankali da karas da soyayyar albasa da ɗan citta. Wannan karon a tsaye ya yi gadin ta, yana juyawa, yana ɗora nauyinsa a ƙafa ɗaya ya koma ɗaya. Tururi ya cika kicin, ƙanƙarar taga ta fara narkewa tana gangarowa. Ya ɗebo a cokali ya hura ya kai bakinta. Ta daɗe tana juya shi a baki, sannan ta nuna gishiri da haɓa.

Ya zauna a gabanta da kwano a cinya, ya riƙa murƙushe dankalin da bayan cokali yana ba ta, yana share mata gefen baki da tawul. Ta ci fiye da yadda muka zata, ta kusa rabin kwano. Ta ture hannunsa ta nuna shi, wai shi ma ya ci. Ya cinye sauran a tsaitsaye, da cokalin nan nata.

Da yamma Malama ta iso, da hular sanyi da jakar littattafan ɗalibai a kafaɗa, ita ma idonta ya faɗa. Tun daga ƙofa ta tsaya tana shaƙar ƙamshin. Ta zuba ba tare da ta cire rigar sanyinta ba, ta ci tana tsaye, ta ce akwai ɗan ƙauri amma shi ne, shi ne na Umma. Na tashi zan ba su wuri, tsohon ya ce in zauna, ai na zama 'yar gida.

Malama ta ce, "Baba, ka yi tunanin?"

Ya fara kame-kame, wai yana iyawa, wai sanyin ma ya kusa wucewa, wai yau ga shi ta ci. Sai cokali ya bugi kujera. Duk muka juya. Mama Ludayi ta miƙa hannun hagu ta kama hannun rigarsa, ta ja numfashi.

"Ka gaji," ta ce. Ta huta, ta sake tattaro ƙarfi. "Zan tafi."

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Na gaji, maman yara. Wallahi na gaji." Malama ta juya tana wanke kwanon da ta riga ta wanke.

Ƙarshen makon nan mijin Malama ya zo da wani abokinsa, suka sauko da ita a kan kujerarta, Baba Direba yana gaba yana ta ce musu a hankali da kwana. An ce na lokacin sanyi ne kawai. Sanyi ya wuce, itatuwan titi suka yi ganye, ba ta dawo ba, don likita ya ce hawa da saukar nan ba nata ba ne kuma. Shi ya zauna shi kaɗai na ɗan lokaci, kullum da safe ya fita zuwa wurinta, da magariba ya dawo. Daga baya ƙanwar mijin Malama ta sami aiki ta tashi, aka sa masa katifa a ɗakin. Ya rabar da kujeru, ya bar mini tsohon firjin, ya mayar wa mai gida makulli.

Kwanaki na haɗu da shi a kantin kayan miya, ya ɗan yi ƙiba, yana rigima da mai kanti a kan kabeji, wai duk ya bushe. Na tambayi jikin Mama, ya ce da sauƙi wata rana, wata rana kuma sai addu'a. Ya ce jikokin sun ɓata ta da hira, ƙaramar ma ta koyi yi mata kitso, ko da yake a karkace. Layi ya zo kansa, ya ɗora kayansa a kan ma'auni, ya ce in gai da mutanen bene.