Ƙwayoyin da Na Tafasa

Shekararta takwas likita ya ce 'yata ciwon sukari ke gare ta, irin wanda sai da allura kullum. Ni da firamare kaɗai na yi, na koyi yi mata allurar da hannuna, na koyi soka mata yatsa in duba lamba a na'ura.

Da daminar bara yayar mijina ta zo mana daga Kano da wani kwali, cikinsa ƙananan ƙunshin gari.

"Amarya, ki huta da huda yarinyar nan," in ji ta. Shekara goma sha biyar da aurena, har yau haka take kirana. "Ƙwayoyin cuta ne masu kirki, su zauna a hanji su gyara sukarin. Kwana kaɗan ki jefar da allura."

"Yaya, ƙwayoyin cuta kuma?"

"Masu kirki na ce! Ke kin cika tsoro."

Tsoro kam ina da shi. Mu da kowace ambaliya ke kawo mana amai da gudawa, tun muna yara ake ce mana a tafasa komai. Ban so in ɓata wa Yaya rai, ban kuma yarda in ɗura wa yarinya abu mai rai ba. Sai na riƙa zuba garin a ruwa, in tafasa shi sau biyu, ya huce, in ba ta. Allura kuwa ban fasa ko ɗaya ba.

Mako biyu lamba tana kyau. Yaya ta ce aikin garinta ne, mijina ya yarda, ya ce daga gobe a daina allura. Na ce ya yi mini haƙuri in ji daga bakin asibiti tukuna. Ruwa ya cinye hanyarmu ta wajen Auyo, sai da muka shiga kwalekwale ni da yarinyar, sannan babur ya kai mu Haɗeja.

Na zayyana wa ma'aikaciyar jinya komai, har tafasawar. Ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Hajiya, ai tun a tukunya kika kashe su! Ruwan banza kike ba ta."

Ta daina dariya, ta ce alherin da muke gani na allura ne da abincin da nake aunawa. Garin sai likita ya duba, amma ko ya amince, ba ya maye gurbin allura. Yaro irin wannan, in an daina, 'yan kwanaki sun isa a rasa shi.

Da muka koma na faɗa musu a tsakar gida.

"To ki ba ta ba tafasawa mu gani," in ji Yaya.

"In likita ya ce a ba ta, zan ba ta, Yaya. Allura kuwa ba mai hana ni."

Washegari da safe, kafin mijina ya tafi gonar shinkafa, shi ya zaunar da yarinyar a cinyarsa, ya ce in nuna masa inda ake sokawa.