Tururuwa Uku a Ƙetaren Magama

Mun tashi da asuba daga Gangara, ni da ƙanena, ko kunun da na dama ban tsaya sha ba. Da la'asar ɗin jiya ɗiyata ta bugo waya daga gidan mijinta, wani ƙauye gaba da Ɗan Isa, tana kuka. Kwana huɗu ke nan an hana ta ba jaririyarta nono, wai ungozomar garin ta gwada ta ce mugu ne.

Ga wanda bai sani ba, ɗiyar nan tawa tana da wani ciwo da likitoci ke kira fenilketonuriya. Na shekara kafin harshena ya iya juya sunan. Jikinta ba ya iya sarrafa wani abu da ke cikin nama, ƙwai, wake, gyaɗa da nono, sai ya taru a jini ya taɓa ɗan da ke ciki. Ba mu sani ba sai da ta haifi na fari da ƙaramin kai, bai shekara ba ya koma. Wannan cikin a ɗakina ta yi shi. Ni ke auna mata abinci, ni ke dama mata garin gwangwanin da ake ba mu a asibiti. Ta haifi mace lafiyayya, aka ɗibi jinin jaririyar aka ce ba ta da ciwon. A kunnena likita ta ce ta shayar, nononta lafiya lau. Bayan suna dangin miji suka ɗauke ta, wai wankan gida na haihuwar fari ne.

A Magama, bakin iyaka, muka sauka. Na ba mai canji damin naira, ya miƙo mini 'yan sefa da ko hannu ba su cika ba. Tashar kuwa tsire, awara, dafaffen ƙwai, ƙuli-ƙuli, duk abin da ke ƙamshi a wurin haramiyar ɗiyata ne. Wani mai kaki ya ga gwangwanayen garin a kwandona, ya zaci madarar fasa-ƙwauri ce. Na ce ya ɗanɗana. Ya lasa, ya yamutsa fuska, ya ce mu wuce. Daga Ɗan Isa muka hau babur cikin yashi, mai babur yana tuƙi kamar uwarsa ba ta son shi.

Na tarar da jikata ana ɗura mata nonon akuya da cokali, tana zawo, maɗigarta ta fara faɗawa. Uwar tana zaune ƙirji ya kumbura kamar dutse, gabanta kwanon ƙauri cike da romo, ba ta taɓa ba. Rogo kawai take ci a ɓoye.

Uwar mijin ta ce, "Hajiya, ɗiyarki ta kunyata mu. Ina aka taɓa mai jego ba nama? Nonon kuma an tatsa an jefa tururuwa, nan take ta mace."

Na ce a kira ungozoma, a kawo mini ludayi uku. Ɗaya ɗiyata ta tatsa, ɗaya na zuba nonon akuyarsu, ɗaya na ɗebo ruwa a randarsu. Na kamo tururuwa uku a bakin zaure na jefa, matan gida suka kewaye mu. Ta cikin nonon akuya ce ta fara mutuwa. Ta ruwa ta yi ta juyi har ta yi shiru. Ta ɗiyata ta samu gefen ludayi ta fice.

Na ce, "To, baiwar Allah, daga yau ku bar shan ruwan randarku."

Ungozoma ta ce, "Ai waɗannan tururuwan ba irin na gwaji ba ne."

"Naki sun yi karatu ke nan?"

Wata yarinya ta fashe da dariya aka kore ta. Ni ban yi murna da tururuwar da ta fice ba. Ko da ta mutu, maganata ɗaya ce. Na ɗauki jaririyar na ɗora wa uwarta. Da farko ta ƙi, ta saba da cokali. Can sai muka ji tana haɗiya, kwat, kwat, uwar tana hawaye.

Ƙaurin nan ni da ƙanena muka cinye shi, don kada a ce mun raina abincin surukai. Gaskiya an iya dafa shi. Uwar miji ba ta yarda ta yi kuskure ba, amma ta ce in tafi da su sai sun yi arba'in. Mijin dai ya nemo mana mota.

Mun iso gida kafin magariba. Mutanen nan ba mugaye ba ne, son jikarsu suke, shi ya fi ba ni haushi. Wata tara ina auna loma da loma, saura kaɗan tururuwa ɗaya ta rushe mini shi cikin kwana huɗu. Duk wadda aka ce wa nononta mugu ne, kafin ta yi kuka ta ce a ɗebo ruwan randa a gwada.