Tafkin da Na Sa a Taga

Ban taɓa mantawa da ranar da wata Hajiya daga Katsina ta tsaya a tsakar masaukinmu tana karanta mini rubutuna da ƙarfi, layi bayan layi, ni kuwa ina neman inda zan sa kaina ba. Ku da kuka zo aiki bayana kuna ganin ina da tsanani a kan abin da ake sawa a shafinmu na intanet. To ga mafarin abin.

A lokacin ɗakuna shida gare mu a nan Madarounfa. Alhaji Mamman shi ne patoro, wato mai gidan. Ni Sanusi ni ne sakatare, ni ne mai karɓar baƙi, in famfo ya ƙi kuma ni ne mai gyara. Da aka ce za a buɗe mana shafi, tsarin mai sauƙi ne. Ni zan rubuta bayanin da Hausa da Faransanci, Alhaji ya saurara ya amince, sannan in tura ta waya wa wani ma'aikaci a Maraɗi ya ɗora.

Alhaji mutumin kirki ne, amma ba a taɓa jin kalmar "babu" a bakinsa a gaban baƙo ba. Haka aka rene shi, haka aka rene mu duka. Baƙo ya tambayi abu, ka ce akwai, sannan ka zagaya ta bayan gida ka aro wajen maƙwabta. Da wannan halin ya zauna a kujerar roba yana yi mini shifta kamar mai yi wa ango kirari. Ɗakuna masu sanyi. Wuta dare da rana. Tafki nan kusa, taku biyu. Na ce, "Alhaji, fanka ce hwa gare mu." Ya ce, "To fanka zahi take kawowa? Rubuta."

Kada in ɗora masa laifin duka. Layin da ya fi kowanne daɗi nawa ne. Wata damina na hau rufin ɗaki mai lamba huɗu ina share faranti mai ɗaukar hasken rana, na hango wani ƙyalli can nesa tsakanin itatuwa. Da wannan ƙyallin na rubuta: "Daga kan gadonka, ka buɗe taga, tafki yana gaishe ka." Alhaji ya sa na maimaita masa sau uku. Ya ce ashe karatun da na yi bai tafi a banza ba. Kwana biyu ina tafiya kamar an ba ni minista.

Sai ga bazara, lokacin da ko ƙadangare ba ya son fitowa da rana. Hajiya Rabi ta kira, ta kama ɗaki mai lamba huɗu na kwana uku. Suka shigo ta iyakar Ɗan Issa da hantsi a motar haya, ita da mijinta Malam Habu. Sai da direba ya taimaka mini muka ciro shi, domin ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Tsoho ne siriri mai fararen gira, maganarsa a hankali take fita. Daga baya na ji cewa a wani ƙauye na bakin tafkin nan aka haife shi, ya tafi Katsina yana saurayi, aiki da iyali suka riƙe shi. Tun da ciwon ya same shi ba abin da yake roƙo sai a kai shi ya ga ruwan.

Muka kwantar da shi. Ya ce, "Rabi, buɗe tagar."

Ta buɗe. Katangar maƙwabcinmu ce, da akuyoyinsa uku a gindinta suna tuƙa.

Ta gyara masa matashi, ta fito, ta ciro waya daga jaka, ta sa tabarau. Malamar makaranta ce mai ritaya, kuma wallahi a ranar na koma aji. Ta karanta "ɗakuna masu sanyi", ta dubi fankar da ke juyawa kamar ba ta karya kumallo ba. Ta karanta "taku biyu", ta tambaye ni takun wane ne. Alhaji ya fito yana murmushinsa na tarbar baƙi, yana jin layin taga murmushin ya tsaya a rabi. Ya juyo gare ni, mutumin da ya sa na maimaita masa sau uku, ya ce, "Sanusi, wa ya rubuta wanga abu?"

Na ce ni ne. Gaskiya ce, ba yadda zan yi.

Hajiya ta cire tabarau. Ta ce, "Ɗana, zahi ba ya dame ni, daga Katsina nike. Amma tun daga gida nike ce mashi, Malam, kana kwance za ka gan shi. A mota ma da ya gaji, abin da na riƙa hwaɗa mashi ke nan. Shekara arba'in ban yi ma mutumin nan ƙarya ba. Yau kun sa na yi."

Kunyar da na ji a wurin ban taɓa jin irinta ba. Har zuwa lokacin ina ɗaukar rubutun nan ado ne, irin wanda ake yi wa bayan babbar mota. Ban kawo cewa wani zai ɗauke shi ya yi alkawari da shi ba.

Na ce, "Hajiya, bari in hwaɗa maki yadda abin yake. Tafki tahiyar rabin awa ne da ƙahwa. Yanzu ruwan ya ja baya. Motarku ba ta kaiwa, rairayi zai riƙe ta. Amma amalanke na kaiwa, in Baba zai iya."

Ta shiga ta tambaye shi. Muka ji muryarsa daga ciki: "A kan jaki na bar garin ga. Mi ne ne amalanke?"

Washegari bayan sallar asuba na samo wani mutumin ƙauyen Safo da ke kawo mana kara, da jakinsa da amalankensa. Muka shimfiɗa katifar ɗakin a kai, muka tokare Malam Habu da matasai, Hajiya ta zauna a gefensa. Alhaji ya ce ba za a yi babu shi ba. Ku yi tunanin patoro da babbar rigarsa yana bin amalanke a cikin rairayi riƙe da laima, yana haki, takalminsa a hannu ɗaya. Da muka yi rabin hanya Hajiya ta waiwayo ta ce, "Alhaji, taku na nawa muke yanzu?"

Da muka isa, masunta suna jawo komarsu. Malam Habu ya daɗe yana kallon ruwan. Can ya ce a ɗebo masa. Na cika kwano na kawo, ya nuna hannunsa na dama, wanda ba ya motsi. Hajiya ta riƙa zuba masa a hankali. Ni dai na juya ina kallon jaki, domin idona ya cika.

A hanyar dawowa ta ce da ni, "Da ka rubuta sai da amalanke, da mun zo duk da haka. Sai dai da amalanke zan yi mashi alkawari."

A makon nan na sake bayanin daga farko. Na fara da, "Sunana Sanusi, ni zan tarbe ku a ƙofa." Na ce fanka gare mu, wuta tana ɗaukewa, in ta ɗauke muna da fitila. Na faɗi nisan tafki da lokacin da ya fi cika. Na ce daga taga katanga za a gani da akuyoyi. Alhaji ya kama kai ya ce, "Har awakin sai ka tona muna?" Na tuna masa laima da rairayi, ya ce in tura.

Baƙi ba su daina zuwa ba. Suna zuwa da shirinsu, suna kiran sunana tun daga bakin ƙofa kamar mun saba.

Abin da na koya shi ne, al'adarmu ta tarbar baƙo ba ta da laifi a zaure. In ka ce masa komai akwai, yana kallon gidan da idonsa, ya san karamci ne. A shafi kuwa ba shi da ido sai naka. Don haka duk layin da kuka kawo mini, tambaya ɗaya nake yi: in wata ta ɗauki wannan ta faɗa wa marar lafiyarta, za mu iya tsayawa a gabansa?