Gardamar Bel da Giyar Mota a Gaban Surukai

Na ga wauta kala-kala tun da muka zo Amurka, amma wadda manyan maza biyu suka tafka a gaban surukai ba za ta fita raina ba har in koma ga Mahaliccina. Ɗayansu maigidana ne, wanda kowa a Lanham ke kira Injiniya. Ɗayan kuwa amininsa ne, Likita, mutumin Agadez. Tun suna samari a College Park suke cin tuwo kwano ɗaya. Mu Allah bai ba mu 'ya mace ba, don haka 'yar Likita ta zama tamu. A bayana na goya ta lokacin da uwarta ke karatu. Tun ranar sunanta Likita ya ce wa maigidana, "Kai ne waliyyinta in Allah ya nuna mana." Da wannan maganar yarinya ta tashi, ba ta kiran maigidana sai Baffa.

To, sai tsufa ya zo musu da shiririta. Suka kamu da kallon tseren wasu 'yan motoci da ake yi a hamadar yammacin ƙasar nan, motoci kamar kejin ƙarfe, kujera biyu da manyan tayoyi. Wai za su haɗa hannu su sayi ɗaya, su je su gwada. Mutanen da hawa bene ke sa su haki! Sai dai motocin iri biyu ne. Akwai mai bel, wata ɗamarar roba ce a cikin injin da ke daidaita gudu da kanta, direba sai dai ya taka wuta. Akwai kuma mai giyar hannu, wadda sai ka taka kuloci ka canja da kanka. Injiniya ya ce bel, domin a cikin rairayi ba a son ɗaga ƙafa, kana tsayawa canja giya mota za ta nutse. Likita ya ce ƙarya ne, zafi na ƙona bel ya tsinke a tsakiyar daji, ƙarfe kuwa ba ruwansa da zafi. Injiniya ya ce in bel ya tsinke a nan take ake sa wani, in akwatin giya ya fashe kuwa sai a jawo ka gida. Na ji wannan karatu har na haddace, alhali ko tayar motar ba su saya ba.

Ana haka yarinya ta samu miji, yaron kirki, iyayensa 'yan Zariya. Aka sa ranar da manyansa za su zo gaisuwa gidan Likita a tsayar da magana. Mu mata muka wuni a kicin, waina da miyar taushe, ga dambun nama. Maigidana ya sha babbar riga ya zauna a matsayin uban yarinya, aka gaisa, aka yi addu'a, komai ya tafi daidai. Ina shiga da shayi ke nan sai kawun ango, don dai a yi hira, ya nuna hoton motar da Likita ya manna a bango ya ce, "Wannan kuma wace irin mota ce?"

Wayyo, da ya sani da ya sha shayinsa ya yi shiru.

Likita ya gyara zama ya ce, "Motar maza ke nan, mai giyar hannu. Akwai ta malalata, mai bel, irin wadda mutumina yake so."

Maigidana ya yi dariyar da na san ba ta alheri ba ce. Ya ce, "Alhaji, rabu da shi. Don an haife shi a Agadez yake ganin ya san rairayi. Rabonsa da rairayi tun kafin furfura, yanzu sai a waya."

"Ni na tuƙa mota a hamadar Tenere! Kai ina ka tuƙa, Kantin Kwari?"

Na ajiye faranti da ƙarfi don su ankara, ina! Baƙi suka sunkuyar da kai, kawun ango yana ta "a yi haƙuri, wasa ne," su kuwa jijiyoyin wuya sun miƙe. Wannan ya ce roba, wancan ya ce ƙarfe. Sai kawai Likita ya nuna shi da yatsa ya ce, "Mutumin da ke jira mota ta canja masa giya, shi zan damƙa wa waliccin 'yata?"

Maigidana ya miƙe ya kaɗe riga. "Riƙe waliccinka." Ya sa takalmi ya fita, ko sallama babu.

Na ɗauka fushin kwana biyu ne. Ni da matar Likita muka yi zarya, Liman ya sa baki, dattawan unguwa suka sa baki. Kowannensu ya ce ya yafe, amma sai ɗan'uwansa ya fara kira. Da na matsa wa nawa, ya ce, "Ai ni ban ƙi ba, ya dai yarda bel ya fi." Na dube shi na ce, "Injiniya, ka ji kanka kuwa? Da furfurarka?" Wallahi a ranar na ji kunyar zama matarsa.

Yarinya da kanta ta zo gidanmu. Hausarta ba ta da ƙwari, irin ta yaran nan, amma ranar ba ta sa Turanci ko ɗaya ba. Ta durƙusa ta ce, "Baffa, ni ba ni da laifi. Kai nake so ka ba da ni." Ya sosa ƙeya ya ce za a duba. Za a duba!

Ranar ɗaurin aure bayan Juma'a maigidana ya yi wanka, ya sha shadda, ya fesa turare, muka tafi masallaci tare. Ya ce in shiga, yana zuwa. Ashe zama ya yi a mota yana jiran Likita ya fito ya kira shi, Likita kuma yana ciki yana jiran ya shigo da ƙafarsa. Liman ya ja lokaci har mutane suka fara duba agogo, masu komawa aiki suka fara miƙewa. Daga ƙarshe wani dattijo da bai ma san cikakken sunan yarinyar ba aka ce ya karɓi walicci. Daga sashen mata muna jin lasifika. Da aka ce "na ba da," amarya ta ɗago ta dube ni, don ta gane ba muryar Baffanta ba ce. Ta sa kanta a cinyata ta yi kuka har ta ɓata kwalliyarta.

Sun shirya daga baya, kamar ba su ba, har yanzu suna zama su sha shayi. Amma ita tun ranar ba ta ƙara ce masa Baffa ba. In ta zo gaishe ni, sai ta russuna da ladabi ta ce masa, "Ina wuni, Injiniya."

Abin da na koya shi ne, manya in sun yi rigimar banza sukan shirya, amma yaron da aka taka a tsakaninsu ba ya mantawa. In girman kai ya hana ka fitowa daga mota ranar da ake jiranka, za a yi sha'anin ba kai, kuma ba a sake ɗaura auren don ka huce.