Dutsen da ke Zagayawa

Shekarar da aka kai ni gidan miji a unguwar Ruwais cikin Jidda, maƙwabciyata wata dattijuwa ce Ba'indiya, Musulma, daga gaɓar teku can kudu da Bombay. Harshensu Marati. Ni ba na ji, ita ba ta jin Hausa, sai mu haɗu a Larabcin kasuwa, nata duk a karye. Khala nake ce mata, wato inna.

Wata safiya ta faɗo mini ko sallamar kirki babu. Ɗiyarta za ta yi aure, kuma a al'adarsu sai uwa ta niƙa kurkum da hannunta a shafa wa amarya, tana niƙa tana rera waƙoƙin da uwarta ta rera mata. Shekara ashirin tana Jidda inji ke yi mata niƙa, waƙoƙin sun gudu.

"Ya binti, 'yata, ara mini dutse. In hannu ya motsa, baki zai tuna."

Yo abin nema ya samu! Dutsen niƙa dai ga shi, wanda kakata ta zo da shi daga Sudan. Na shimfiɗa tabarma, na nuna mata yadda ake durƙusawa a tura ɗan dutse gaba a jawo baya. Ta tura, ta jawo, ta buɗe baki. Shiru. Ta sake. Sai gumi. Raina ya ɓaci, na ce dutsen da ya ciyar da gidanmu kaf shi ne bai yi mata ba?

Mijinta da ya biyo sawunta ne ya raba mu, ta bayan labule. Akawu ne a tashar jirgin ruwa, mai gilashi, in ya fara bayani sai dai ka nemi kujera. Ya ce waƙar Marati a bakin dutsen mata ta samu ƙafa. Ɗaruruwan shekaru da suka wuce, masu ibada na ƙasarsu suka ajiye harshen malamai, suka ɗauki awon waƙar niƙa don talaka ya ji. Bayansu aka yi masu waƙar yaƙi da ganga, aka yi na rawa, sannan 'yan boko masu bugawa a takarda. Baitin niƙa kuwa layi uku ne da rabi, yana tafiya da juyin hannu.

Na ce masa, "Wane juyi kuma, ya ammi?" Haka ake ce wa baffa a can.

Ashe dutsensu faifai biyu ne, ɗaya kan ɗaya, da mariƙin itace a tsaye ana zagayawa. Ni kuma na sa baiwar Allah tana kai da komowa kamar mai wanki. Kunya ta kama ni, wallahi.

Kwana biyu muna yawo a Balad, tsohon garin Jidda, lungu-lungu, kafin muka samu irinsa wurin wata tsohuwa Bayamaniya. Da amalanke aka kawo shi.

Ranar niƙan Khala ta zauna, ta miƙe ƙafa ɗaya, ta kama mariƙin. Ta ce in kama daga sama, don ba a yi mutum ɗaya, ita kuwa ba ta da 'yar'uwa a garin nan. Muka juya. Zagaye na farko ba komai, na biyar ba komai. Na ce shi kenan mun sha wahalar banza.

Sai murya ta fito, siririya, ba irin wadda take ciniki da ita ba. Baiti na bin baiti, hawaye na ɗiga cikin kurkum. Ban ji kalma ko ɗaya ba, amma ni ma na yi kuka, ban ɓoye ba.

Amaryar haihuwar Jidda ce, Maratinta bai wuce na kicin ba. Tana tsaye bakin ƙofa tana kallo. Can ta zo ta ture hannuna daga mariƙin, ta ɗora nata, ta ce da Larabci, "Ummi, sake wannan. A hankali."