Dada Ihsan Mai Duba Yatsu

A unguwarmu ta bayan tashar jirgin Damanhur, ba kowa ke faɗin alherin Dada Ihsan ba. "Matar nan idonta ba kyau," in ji mai sayar da wake. "Me take nema a bakin 'ya'yan mutane?" Shekara ashirin da shida Dada tana renon yara a makarantar ƙanana. Kullum da safe tana bakin ƙofa, ta juya babban yatsan yaro ta ga ko ya yi kanta, ta ce, "Cije mu gani, ɗan albarka."

Umm Ramiz ta fi kowa zarginta. Wata rana Dada ta tare ta: "'Yar'uwa, Salma ta kusa shekara biyar. In ba ta bar tsotsar yatsa ba, haƙoran sama za su turo, su ƙi haɗuwa da na ƙasa." Ko masha Allah ba ta haɗa da shi ba. Umm Ramiz ta fizge 'yarta, ta je gida ta yanka 'yartsana ta takarda, ta yi ta sukarta da allura tana kiran sunan Dada, ta ƙone ta da turare, don karya kambun baka. Da haƙoran suka turo, ta bi gida-gida: "Ban gaya muku ba? Bakinta ne!" Iyaye bakwai suka kwashe yaransu. Saura ƙiris a sallami Dada.

Masu sharar makaranta sun shaida, lokacin barcin rana Dada takan zauna a ƙasa, ta riƙe hannun mai tsotso har barci ya ɗauke shi. Ba duka, ba shafa abu mai ɗaci.

Salma na da shekara sha biyu wani likita a Iskandariyya ya ɗaura mata waya a haƙora. Ya dubi uwar: "Hajiya, ba wanda ya taɓa yi miki gargaɗi?" Umm Ramiz ta shekara biyu tana sauya hanya don kunyar haɗuwa da Dada.

Ke ce mai faɗin gaskiya ko da za a tsane ki, Dada. Mun gode. Masu reno, ku dinga duba yatsu kamar ita. Iyaye, ku saurara.

Alhamis ɗin da ta wuce aka yi mata taron ajiye aiki. Sai ga Umm Ramiz ta miƙe.

"Me kuma na yi?" in ji Dada.

"Ba ki yi komai ba. Gani kika yi, ni na ce baki ne. A gaban mutane na ɓata ki, a gabansu nake roƙo. Ki yafe mini, Dada."